Kuzari a Haihuwar Zoben Guguwa: Inda Yake Zama da Iyakar da Yake Sawa

Taƙaitawa

Wannan ƙasida tana bayani a kan kuzarin motsi da ke cikin zoben guguwa, tun daga lokacin da ake tura ruwa ta bakin bututu har zuwa lokacin da zoben ya rabu da abin da ya haife shi. Za mu nuna cewa mafi yawan kuzarin yana wajen ɓargon zoben, cewa zobe yana rage gudu idan aka ƙara masa kuzari ba tare da an canza kewayensa ba, kuma cewa lissafin kuzari shi ne yake bayyana dalilin da ya sa zobe yake daina girma idan tsawon ruwan da aka tura ya kai kimanin ninki 4 na faɗin bututun.

1. Gabatarwa

Kowa ya san guguwar bazara, wadda take tashi da tsakar rana a fili tana kwasar ƙura da ganye. Ita ginshiƙi ce na iska mai juyawa, ƙafarta a ƙasa. Idan muka ƙaddara an lanƙwasa wannan ginshiƙi har kansa ya haɗu da ƙafarsa, to mun sami zoben guguwa. Shi ne awarwaron hayaƙin da wasu mashaya taba suke busawa, shi ne kuma wanda ake gani wani lokaci yana fita daga bakin dutsen Etna mai aman wuta a Italiya.

Ɗalibin da ya saba da lissafin dutse da ƙwallo yakan zo wa wannan zobe da zato biyu. Na farko, duk abin da aka ƙara wa kuzari zai ƙara gudu. Na biyu, idan aka daɗe ana tura ruwa, zoben zai yi ta girma. Dukansu biyu ba su tabbata ba, kuma amsarsu guda ce: sai an duba inda kuzarin yake zama da kuma gwargwadon da mai turawa yake iya bayarwa.

A wannan ƙasida kalmar ruwa ta ƙunshi iska ma, watau duk abu mai kwarara. Kuzari shi ne énergie a Faransanci, za mu rubuta shi E. Juyi shi ne vorticité, watau juyawar kowane ɗigon ruwa a kan kansa. Kewaye shi ne circulation, Γ, jimillar juyin da ya ratsa yankan zoben. Tunkuɗa ita ce impulsion, P. Danƙo shi ne viscosité, ν. Ɓargo kuwa shi ne tsakiyar jikin zoben inda juyin ya taru. Rabin faɗinsa a, rabin faɗin zoben gaba ɗaya R, nauyin metir kubik ɗaya na ruwan kuma ρ.

2. Tushen nazarin

A shekarar 1858 Hermann von Helmholtz, masani na Jamus, ya buga dokokin juyi a cikin ruwa maras danƙo. Biyu daga cikinsu su ne jigon maganarmu. Ta farko: zaren juyi ba ya ƙarewa a tsakiyar ruwa, sai dai ya tsaya a kan iyaka, kamar yadda guguwa take dafe da ƙasa, ko kuwa ya rufe kansa ya zama zobe. Ta biyu: kewayen zaren ba ya canzawa da lokaci, kuma zaren yana tafiya tare da ɗigon ruwan da ya fara da su.

A farkon shekarar 1867, a birnin Edimbara, Peter Guthrie Tait ya nuna wa William Thomson, wanda daga baya aka sani da Kelvin, wani akwati mai rami a gaba da ƙyalle a baya, cike da farin hayaƙin amoniya da asid. Da an bugi ƙyallen sai zobe ya fito ya ratsa ɗaki. Kelvin ya ga yadda zoben suke karo da juna suna makyarkyata ba su watse ba, har ya ɗauka cewa ƙwayoyin zarra zobba ne na guguwa a cikin wani ruwa da ya cika sarari. An bar wannan ra'ayi kafin ƙarshen ƙarnin, amma lissafin da ya haifar yana nan ana aiki da shi.

3. Ina kuzarin yake?

Bari mu fara da zaren juyi miƙaƙƙe. A nisan r daga tsakiyarsa, a wajen ɓargo, ruwa yana kewaya shi da gudu v = Γ/(2πr). Idan muka tara kuzarin motsi, ½ρv², daga r = a zuwa r = b, za mu sami ρΓ²/(4π) · ln(b/a) a kowane metir na tsawon zaren. Logaritim ɗin nan yana gaya mana abu mai muhimmanci: kuzarin da ke tsakanin a da 2a daidai yake da wanda ke tsakanin 2a da 4a, haka kuma har gaba. Ga zare miƙaƙƙe jimillar ba ta da iyaka. Ga zobe kuwa tana da iyaka, domin daga nesa ɓangarorin zoben da ke fuskantar juna suna kashe tasirin juna, sai b ya tsaya a kan gwargwadon R. Idan muka ninka da tsawon zoben, 2πR, muka yi lissafin filla-filla ga siririn zobe mai juyi bai ɗaya a ɓargonsa, ga abin da zai fito:

(1) E = ½ ρ Γ² R [ln(8R/a) − 7/4]

(2) P = π ρ Γ R²

(3) U = Γ/(4πR) · [ln(8R/a) − 1/4]

Lissafi na (3), wanda yake ba da gudun zoben U, Kelvin ne ya bayar da shi a shekarar 1867.

Nawa ne rabon ɓargo a cikin wannan kuzari? Ɓargon yana juyawa kamar sanda, kuzarinsa ρΓ²R/8 ne, watau kashi 1/4 a cikin bakan lissafi na (1). Mu ɗauki zobe mai R/a = 10. A nan ln 80 = 4,38, abin da ke cikin baka ya zama 2,63, rabon ɓargo kuwa 0,25 ne kawai. Ke nan ƙasa da kashi 10 cikin 100 na kuzarin ne yake cikin abin da ido yake gani a matsayin zobe. Sauran yana cikin ruwan da ke kewaye, wanda ba ya da juyi, ba ya kuma ɗauke da hayaƙi. Wanda ya manta da wannan ba zai gane sauran maganar ba.

4. Ƙarin kuzari, ragin gudu

Mu riƙe Γ yadda yake, kamar yadda dokar Helmholtz ta tanada, mu buɗa zoben har R ya ninka biyu. Tun da ruwan ɓargo ba ya ƙaruwa, a²R ba ya canzawa, sai ɓargon ya sirance, R/a ya tashi daga 10 zuwa 28,3. Lissafi na (1) zai nuna kuzari ya ninka 2,8. Na (2) zai nuna tunkuɗa ta ninka 4. Na (3) kuwa zai nuna gudu ya sauka zuwa kashi 63 cikin 100 na yadda yake da farko.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Zobe ba jifansa aka yi ba, shi yake tura kansa: kowane yanki nasa yana jan sauran yankunan gaba. Idan zoben ya buɗe, lanƙwasarsa ta ragu, yankunan sun yi nesa da juna, turawar ta yi rauni. Amma ruwan da yake motsawa ya ƙaru ƙwarai, shi ya sa kuzari ya hau.

Ɗalibi yana iya gwada ingancin lissafin uku da kansa. Idan ya ɗauki canjin E a kan R, yana tuna cewa a yana raguwa kamar R^(−1/2), zai ga −7/4 ya karɓi ƙarin 3/2 ya koma −1/4. Idan ya raba da canjin P a kan R, zai sami U = dE/dP daidai. Ashe dokar da ta haɗa gudu da kuzari da tunkuɗa ga dutse tana nan ga zobe. Dangantakar E da P ce ta bambanta. Ga dutse E yana tafiya da P², ga zobe kuwa kusan da √P.

A cikin ruwan yau da kullum yana da wuya a riƙe Γ a ƙara kuzari. Amma a cikin heliyom mai tsananin sanyi, wanda danƙonsa ya ɓace, kewaye ba ya ɗaukar kowace ƙima sai ninkin h/m, kimanin 10⁻⁷ m²/s. A shekarun 1963 da 1964, a Amurka, Rayfield da Reif sun ɗora cajin lantarki a kan irin waɗannan ƙananan zobba a sanyin da bai kai digiri 1 na Kelvin ba, suka ja su da ƙarfin lantarki. Duk ƙarin kuzarin da suka ba su, sai gudunsu ya ragu, bisa lissafin da aka yi wa zoben hayaƙi kusan shekara 100 kafin nan.

Kada wannan ya rikita mu da abin da ake gani a akwatin Tait, inda bugu mai ƙarfi yake fitar da zobe mai sauri. A can Γ ne ya ƙaru tun wurin haihuwa, R kuwa ramin ne ya ƙayyade shi.

5. Abin da fistan yake bayarwa

Yanzu mu koma wurin haihuwa. Mu ɗauki bututu mai faɗi D, da fistan a ciki wanda yake tura ruwa mai tsawo L da gudu V cikin ruwa mai kwanciya. A jikin bangon bututun danƙo yana riƙe wata siririyar fatar ruwa, a nan juyi yake samuwa. Da fatar ta iso bakin bututu sai ta saki bango ta naɗe kamar tabarma. Naɗin nan shi ne ɓargo. Ke nan ba a haifar zobe sai da danƙo, ko da yake bayan haihuwa ana iya mantawa da shi na ɗan lokaci.

Lissafi mafi sauƙi shi ne a ɗauki ruwan da ya fito kamar guntun sanda mai gudu bai ɗaya. Juyi yana fita da gwargwadon V²/2 a kowace daƙiƙa ta agogo, watau sakan, har tsawon lokaci L/V. Saboda haka:

(4) Γ = ½ V L

(5) P = ρ (πD²/4) L V

(6) E = ½ ρ (πD²/4) L V²

Misali: iska mai ρ = 1,2 kg/m³, bututu mai faɗin santimetir 10, L = santimetir 30, V = metir 2 a sakan. Iskar da ta fito litir 2,4 ce, nauyinta giram 2,8, Γ = 0,3 m²/s, kuzarinta bai kai 0,006 na jul ba. Da wannan ɗan kuzari zobe yake ratsa aji.

Domin a kwatanta zobba manya da ƙanana, ana haɗa ukun nan a fitar da lamba maras awo:

(7) α = E / √(ρ P Γ³)

Idan muka sa (4), (5) da (6) a cikin (7), gudu V zai fita, ρ zai fita, abin da zai rage shi ne:

(8) α = √(π/2) · D/L ≈ 1,25 / (L/D)

A lura da kyau. Ci gaba da turawa yana ƙara E da P daidai da L, amma Γ³ yana hawa da L³. Watau mai turawa yana ta zuba juyi fiye da kuzarin da ya dace da shi, α yana ta sauka.

6. Abin da zobe yake bukata, da yaye

Shi ma zobe yana da nasa α, wanda sifarsa kaɗai ta ƙayyade. Daga (1) da (2), siririn zobe yana da α = [ln(8R/a) − 7/4]/(2√π). Ga R/a = 100 ya kama 1,39, ga R/a = 10 ya kama 0,74. Duk kaurin da ɓargo ya ƙara, α yana raguwa. A shekarar 1973 Norbury ya lissafa dangin zobba masu tafiya ba tare da canza sifa ba, daga mafi siranta har zuwa mafi kauri, wanda shi ne ƙwallon guguwar da Hill ya samo a 1894. Ga ƙwallon Hill mai rabin faɗi c, Γ = 5Uc, P = 2πρc³U, E = (10/7)πρc³U², sai α ya zama 0,16. Babu ɗan dangin da ya sauka ƙasa da haka. Idan muka sa 0,16 a cikin (8) za mu sami L/D kusan 8. Tun daga nan mun ga cewa zobe guda ba zai iya haɗiye turi maras iyaka ba.

Akwai kuma ƙa'idar da Kelvin ya faɗa, wadda Benjamin ya daidaita a 1976: a cikin dukan hanyoyin da za a iya sake jera juyi guda tare da riƙe tunkuɗa guda, zoben da ya zauna daram shi ne mai kuzari mafi yawa. Ma'anarta ita ce zobe yana karɓar sabon juyi muddin kuzarin da ya zo da shi ya isa a gina zaunannen zobe. Da zarar ya gaza, zoben zai bar sauran a baya. Wannan rabuwa za mu kira ta yaye.

A shekarar 1998 Gharib, Rambod da Shariff, a Kalifoniya, sun auna wannan a cikin tankin ruwa ta hanyar ɗaukar hoton ƙananan ƙwayoyi da ke bin ruwan. Idan L/D ƙarami ne, kusan dukan juyin yana shiga zobe guda. Idan babba ne, kewayen zoben gaba yana tsayawa a wata ƙima, sauran juyin ya zama wutsiya mai biye da shi. Iyakar ta faɗo tsakanin 3,6 da 4,5, suka kira ta lambar haihuwa. Zobban da suka kai iyaka suna da α kimanin 0,33, wanda idan aka sa a cikin (8) yake ba da L/D = 3,8.

Abu biyu ya kamata mai bincike ya kiyaye. Na ɗaya, 0,33 awo ne aka yi, ba daga ƙa'idar Kelvin da Benjamin ya fito ba. Ƙa'idar ta ce akwai iyaka, gwaji ya ce ga inda take. Na biyu, lambar haihuwa ba ita ce lokacin da ido zai ga zobe ya rabu da wutsiya ba, wannan yana zuwa daga baya. Ita ce lokacin da jimillar kewayen da ya fita daga bututu ta yi daidai da wanda zoben zai tafi da shi a ƙarshe.

Ana iya faɗin maganar da harshen gudu, kamar yadda Shusser da Gharib suka yi a shekarar 2000: yayin da Γ yake ƙaruwa zoben yana ƙara sauri, har ya kai gudun ruwan da ke ciyar da shi, sai ya tsere masa.

7. Iyakokin lambar 4 da amfaninta

Lamba 4 ba doka ce ta halitta ba, sakamakon wani irin turi ne. Idan gudun ruwa a bakin bututu ba bai ɗaya ba ne, ya yi tsini a tsakiya kamar a dogon bututu, lissafin kwamfuta na Rosenfeld da abokan aikinsa a 1998 ya nuna lambar tana sauka zuwa kusan 1. Idan kuwa bakin yana tsukewa lokacin turi, Dabiri da Gharib sun nuna a 2005 cewa ana iya jinkirta yaye har kusan 8. Duka biyun sun dace da bayanin kuzari, domin abin da aka canza shi ne yadda α na mai turawa yake sauka.

Shi ma lissafin guntun sanda yana da giɓi. A farkon turi matsin bakin bututu yana ɗara na kewaye, domin dole ne a ture ruwan da ke gaba. Krueger da Gharib sun nuna a 2003 cewa wannan ƙarin matsi yana ba da babban rabo na tunkuɗar, kuma matsakaicin ƙarfin turi yana kaiwa ƙololuwa a kusa da lambar haihuwa. Ga dalilin da ya sa masu ƙera ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa, da masu nazarin halittun teku masu iyo da feshin ruwa, suka damu da ita.

Zuciyar mutum ma tana haifar irin wannan zobe a kowane bugu, lokacin da jini yake shiga ɗakin hagu na ƙasa ta ƙofar mitiral. A 2006 Gharib da wasu likitoci sun lissafa L/D na wannan shiga daga hoton ekogarafi, suka tarar masu lafiya suna kewayen 4, masu ciwon buɗewar tsokar zuciya kuwa suna ƙasa da haka.

Bayan yaye danƙo yana cin kuzarin sannu a hankali. Ɓargo yana kumbura kamar √(4νt): a sakan ɗaya kimanin milimetir 8 a iska, milimetir 2 a ruwan sha. Saffman ya nuna a 1970 cewa (3) yana nan da amfani idan aka sa √(4νt) a gurbin a, aka kuma sa 0,558 a gurbin 1/4. Tunkuɗar ruwan gaba ɗaya ba ta raguwa, kuzari ne yake komawa zafi.

8. Gwajin da ake iya yi a aji

Idan L = 4D, yawan ruwan da aka tura shi ne (πD²/4)(4D) = πD³. Ga bututu mai faɗin santimetir 1, mililitir 3,1 ke nan. A haɗa gajeren bututu irin wannan da babban sirinji, a cika da ruwa mai ɗan bula kaɗan, a nutsa bakinsa a kwance cikin tankin gilashi, a jira ruwa ya kwanta. A tura mililitir 2, watau L/D = 2,5, sa'annan 6, sa'annan 12, ana ƙoƙarin riƙe gudu guda. Abin da ake sa ran gani shi ne zobe shi kaɗai a karo na farko. A na biyu da na uku kuwa zoben gaba kusan girma guda, wutsiya ce kaɗai take ƙara tsawo. Wanda zai yi amfani da kwali mai rami da hayaƙin turare ya tuna cewa feshin da ya fito ta rami mai kaifin baki yana tsukewa zuwa kimanin kashi 60 cikin 100 na filin ramin, don haka D na ramin ba shi ne na lissafi ba.

9. Kammalawa

Mun ga cewa kuzarin zoben guguwa yana bazuwa ne cikin ruwan da ke kewaye da ɓargo, shi ya sa babban zobe ya fi ƙarami kuzari amma ya fi shi nawa idan kewayensu ɗaya. Mun ga kuma cewa fistan yana ba da α mai sauka kamar D/L, alhali zobe ba ya zama sai da wani α mafi ƙanƙanta, kuma inda biyun suka haɗu nan ake yaye. Muna ba da shawara ga masu koyar da wannan darasi su sa ɗalibai su fitar da (3) daga (1) da (2), su kuma fitar da (8) da hannunsu, kafin a kai su gaban tanki.